Sharhi kan cibiyar gashin ƙashi da ta kula da mahaifiyata bayan tiyatar canjin gwiwa

Cibiyar da zan yi bayani a kanta ƙarama ce, mai zaman kanta, a cikin wani gida da aka mayar wurin jinya a ɓangaren Nasarawa da ke Kano. Aikinta ɗaya ne, wato gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, abin da yawancin mutane yanzu suke kira fisiyo. Ita ce ta kula da mahaifiyata, Hajiya, tun daga dawowarta daga Alƙahira, inda aka yi mata tiyatar canjin gwiwar dama, har zuwa lokacin da aka sallame ta. Na sakaya sunan wurin saboda abin da zan faɗa ya haɗa yabo da suka, kuma na fi son mai karatu ya samu ma'aunin da zai auna kowace cibiya irinta, ko a Kano take, ko a Kaduna, ko a Maraɗi. Hukuncina tun daga farko shi ne, aikin hannunsu ya cancanci kuɗin da muka biya, amma yadda suke tafiyar da wurin yana buƙatar gyara.

Kafin a auna aikinsu, ya kamata a san abin da aka damƙa musu. A tiyatar canjin gwiwa, likita yana kankare saman ƙasusuwan da guringuntsinsu ya cinye, ya lulluɓe su da ƙarfe, sannan ya sanya wata roba mai ƙwari a tsakani domin gaɓar ta riƙa motsi ba tare da ƙashi yana gugar ƙashi ba. Wannan aikin awa biyu ne ko ƙasa da haka. Abin da tiyata ba ta iya yi shi ne dawo da ƙarfin tsokar gaban cinya, wadda ta riga ta zaizaye tsawon shekarun da mutum ya yi yana ɗingishi, kuma kumburin bayan tiyata yana ƙara kashe mata kuzari, har mutum ya umarci ƙafarsa ta ɗagu daga kan gado ta ƙi. A lokaci guda, naman da aka yanka yana warkewa da tabo a cikin gaɓar, kuma tabon yana bushewa ne a yanayin da aka bar shi, kamar fatar layya da aka shanya ba a miƙar da ita ba. Shi ya sa makonni shida zuwa goma sha biyu na farko suke da muhimmanci ƙwarai. Wanda gwiwarsa ta kasa lanƙwasuwa zuwa digiri 90 a wannan tsakanin, sau da yawa sai an mayar da shi ɗakin tiyata, a sa shi barci, likita ya lanƙwasa ta da ƙarfi domin a yage tabon.

A nan ne al'adarmu take yi mana illa ba tare da mun sani ba. Gida kan haɗa kuɗi, wani ya sayar da fili, a kai dattijo Masar ko Indiya, a dawo da shi bayan 'yan makonni, dangi su yi ta zuwa barka da arziki, sannan a shimfiɗa masa katifa a ce ya huta, duk abin da yake so a miƙo masa. Tausayi ne, babu shakka, amma irin wannan hutun shi ne babban abin da ke lalata sabuwar gwiwa. Na san gidajen da suka kashe miliyoyi a kan tiyata, da aka zo kan kuɗin fisiyo kuma sai aka fara ja da baya, ana ganin ai babban aikin an riga an gama shi.

Abin da ya fara burge ni a cibiyar shi ne ganawar farko, wadda ba a kunna ko na'ura ɗaya a cikinta ba. Likitar fisiyon, wata matashiya mai natsuwa, ta nemi takardar bayanin tiyatar da hoton ƙashin da aka ɗauka bayan aiki, ta duba jerin magungunan da Hajiya take sha, musamman na hana daskarewar jini, ta auna hawan jininta, ta tambayi yadda sukarinta yake tunda tana da ciwon suga, kuma ciwon suga yana jinkirta warkewar rauni. Ta duba wurin ɗinkin, ta tattaɓa sharaɓar ƙafar tana kallon fuskar Hajiya. Bayan haka ta ɗauko wani ma'aunin roba mai hannu biyu da ake auna kusurwar gaɓa da shi, ta auna iyakar lanƙwasuwar gwiwar da iyakar miƙewarta, ta rubuta. A ranar gwiwar ba ta kai digiri 70 ba, kuma ba ta miƙewa sarai.

Daga nan sai ta shiga tambayoyin da ban taɓa jin wani ma'aikacin lafiya ya yi mana irinsu ba. Hajiya a gado take kwana ko a katifar ƙasa? Banɗakin gidan na zama ne ko na tsuguno? Akwai dokin ƙofa mai tudu tsakanin ɗakinta da tsakar gida? A ina take alwala, kuma a kan me take zama? Wa yake tare da ita da rana idan kowa ya tafi aiki? Ta bayyana mana dalilin tambayoyin da lissafi: tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasu wajen digiri 65, hawa matakala da tashi daga kujera suna buƙatar wajen digiri 90 ko sama da haka kaɗan, amma tsuguno da zama a kan dugadugai irin na tahiyya suna neman kusan digiri 150. Yawancin waɗanda aka canza wa gwiwa kuwa, idan aiki ya yi kyau, suna tsayawa ne tsakanin digiri 110 da 125. Takardun atisayen da aka ba mu daga asibitin tiyata an tsara su ne domin mutanen da rayuwarsu take kan kujera da tebur. Rayuwar Hajiya a ƙasa take: tabarma, kujera 'yar tsuguno, buta, dadduma. Wannan giɓin shi ne likitar ta gano tun ranar farko, kuma a kansa ta gina duk shirin da ta yi mata.

Hajiya ba ta damu da lambobin ba. Tambayarta ɗaya ce, kuma ta yi ta kai tsaye: "'Yata, ni dai gaya mini, yaushe zan kai goshina ƙasa?" Na zaci za a ba ta amsar kwantar da hankali irin wadda aka saba, amma likitar ta ce mata: "Mama, ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba. Tsayuwa da ruku'u za ki yi su in Allah ya yarda. Durƙuso sai mun ga yadda gwiwar ta kasance, kuma sai likitan da ya yi aikin ya amince. Zaman tahiyya a ƙasa kuwa, mafi yawan masu irin wannan gwiwar ba sa komawa gare shi." Ran Hajiya bai yi daɗi ba a ranar. Daga baya wani malami ɗan uwanmu ya tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, sai hankalinta ya kwanta. A ganina wannan gaskiyar da aka faɗa mata tun farko ita ce ta sa ta amince da duk abin da likitar ta ce mata daga baya, har da abin da yake da zafi.

Zaman farko-farko a gida aka yi su, domin cibiyar tana tura ma'aikaci gida ga wanda bai kai ga shiga mota cikin sauƙi ba, kuma a nan ne likitar ta yi wani aikin da ba a rubuta shi a takardar kuɗi ba, wato tarbiyyar dangi. Goggonnina sun zo da tawul da ruwan zafi da man zafi, za su gasa gwiwar kamar yadda ake gasa targaɗe, kuma sun riga sun cusa mata matashin kai a ƙarƙashin gwiwa domin ta ji daɗin kwanciya. Likitar ba ta yi musu tsawa ba. Ta zauna ta bayyana musu cewa gwiwar da take da kumburi da ɗumi bayan tiyata sanyi take so, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti goma sha biyar zuwa ashirin, ƙafar tana ɗage sama da ƙirji, kuma zafi a wannan matakin ƙara kumburi yake yi. Matashin kan kuwa ta ce a mayar da shi ƙarƙashin diddige, domin gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe takan ƙi miƙewa, kuma ƙafar da ba ta miƙewa sarai ɗingishi za ta yi har abada, komai kyawun ƙarfen da ke ciki. Da wata ta kawo shawarar a kira mai ɗori ya shafa mata, likitar ta amsa cikin ladabi cewa babu karaya a nan balle a ɗora, kuma murza gaɓar da aka sa wa ƙarfe ba tare da sanin abin da ke ciki ba haɗari ne. Goggo babba, wadda ba ta cika sauka daga ra'ayinta ba, ita ce daga baya ta zama mai tsaron lokacin ƙanƙara.

Atisayen kansu ba su da wani armashi a ido. Motsa idon sawu sama da ƙasa domin jini ya gudana, matse tsokar cinya ana danna bayan gwiwa a kan katifa, jawo diddige zuwa ɗuwawu da taimakon zani, ɗaga ƙafa a miƙe, zama a bakin gado ana tura ƙafar da aka yi wa aiki baya da ɗaya ƙafar. Wanda ya leƙo zai ce a kan wannan ake biyan kuɗi? Ƙwarewar tana cikin sanin yawan da za a yi yau, da lokacin da za a ƙara, da lokacin da za a sassauta. A makonnin farko, da tsokar cinyar ta ƙi amsawa, sun yi amfani da wata ƙaramar na'ura mai tura lantarki kaɗan cikin tsoka ta sa ta matsewa, Hajiya kuma tana ƙoƙarin matse ta a daidai lokacin, har ta koma iya ɗaga ƙafar da kanta, sannan aka ajiye na'urar.

Ba zan ɓoye cewa akwai zafi ba. Akwai ranakun da Hajiya ta yi hawaye a lokacin da ake tura gwiwar, akwai ranar da ta ce a ƙyale ta haka nan ta gode. Abin da na yaba shi ne yadda likitar ta bambance mata zafi iri biyu: na miƙewar nama, wanda yake lafawa jim kaɗan bayan an gama, da zafi mai suka ko wanda ya kwana ya wuni yana ƙaruwa tare da kumburi, wanda alama ce ta an wuce gona da iri. Ta kuma tsara a riƙa shan maganin rage zafin da likita ya rubuta kimanin rabin awa kafin a fara. Ban taɓa ganin ta danne gwiwar da ƙarfin tsiya ba, kuma ban taɓa ganin ta ƙyale Hajiya ta tsere wa atisaye saboda ganin girma ba, wanda shi ne abin da mu 'ya'yanta muka kasa. Ɗa ba ya iya cewa mahaifiyarsa ta sake sau biyar bayan ta ce ta gaji. Likitar tana iyawa, tana faɗa tana murmushi, tana kiran ta Mama.

Da aka koma zuwa cibiyar, sai aka shiga koyon tafiya sosai. Daga ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu aka koma sanda, aka koya mata riƙe sandar a hannun hagu, wato ɓangaren ƙafar mai lafiya, saɓanin yadda yawancinmu muke zato. A matakala, ƙafa mai lafiya ce take fara hawa, wadda aka yi wa aiki kuma ita take fara sauka. Suna da sanduna biyu na dafawa da babban madubi a gabansu, inda Hajiya ta ga da idonta yadda take karkata jiki gefe guda, al'adar da ta ɗauka tun zamanin ciwo, wadda ba ta tafi da tiyatar ba. Keken motsa jiki na tsaye shi ne abin da ta fi ƙi da farko, domin ba ta taɓa hawa keke a rayuwarta ba, kuma ƙafar ba ta iya kammala zagaye sai gwiwa ta wuce digiri 100. Ta daɗe tana kai gaba tana dawowa baya kafin feda ta zagaya. A kowane mako ana sake aunawa a rubuta a katinta, kuma wannan katin ya yi mana amfani, domin mai jinya ba ya ganin ci gaban da ke zuwa kaɗan-kaɗan sai an nuna masa a rubuce.

Sun kuma nace cewa mafi yawan aikin a gida ake yin sa. Sun ba mu takarda mai zane, suka ɗauki bidiyon Hajiya tana yin kowane atisaye daidai suka turo mana ta WhatsApp, suka koya wa jikarta da ke zaune da ita yadda za ta riƙe ƙafar da yadda za ta ƙirga. Cibiyar da ke neman kuɗi kawai za ta so mai jinya ya dogara da ita kacokan. Waɗannan kuwa, da suka ga Hajiya ta kama hanya, su da kansu suka rage yawan zuwanta.

Abin da ya fi tabbatar mini da amanarsu ya faru ne wata rana da Hajiya ta zo da kumburi da ciwo a sharaɓarta. Da a wani wurin ne, da tausa za a yi mata. Likitar ta ƙi taɓa wurin, ta dakatar da zaman, ta rubuta mana takarda zuwa asibiti a yi hoton jijiyoyin jini a ranar, domin gudan jini a ƙafa yana cikin manyan haɗuran da ke biyo bayan irin wannan tiyatar, kuma idan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. Hoton bai nuna komai ba, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar muka haddace alamomin da ta ce kada a jira gari ya waye a kansu: ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, zazzaɓi, da ruwa ko ja mai yaɗuwa a wurin ɗinki. Ta kuma kwantar mana da hankali kan abubuwan da ba na tsoro ba ne, kamar ƙarar ƙas-ƙas da ƙarfen yake yi, da dindiris ɗin fata a gefen tabon ta waje, da ɗumin gwiwar da kan ɗauki watanni.

Wannan bambancin yana da tushe, kuma ya kamata duk mai neman irin wannan hidima ya bincika shi. Likitan fisiyo na gaskiya ya yi aƙalla shekara biyar a jami'a, ya ƙara shekara guda ta horon aiki a asibiti, kuma yana da lasisi daga hukumar da ke rajistar masu aikin farfaɗo da marasa lafiya ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988. A wannan cibiyar takardun lasisin suna rataye a bango. A gari kuwa akwai shaguna da dama masu gadon tausa da fitila mai ja, waɗanda suke kiran kansu da sunan fisiyo alhali babu mai wannan horon a cikinsu. Wanda kuɗin cibiya mai zaman kanta ya yi masa nauyi, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen fisiyo da ƙwararru. Mu zuwa gida a makonnin farko da kusanci da unguwarmu ne suka sa muka zaɓi wannan.

Sai kuma inda suka gaza. Ba sa riƙe lokaci. Ana ba mutum ƙarfe goma, sai ya tarar an ba wasu biyu lokacin, kuma ga mai jinyar da ya sha maganin zafi domin ya dace da zaman, jinkirin awa guda yana nufin maganin ya fara sakin sa kafin a fara. Mace ɗaya ce likita a cikinsu, saboda haka ranar da ba ta nan, Hajiya ta gwammace ta koma gida da namiji ya riƙe mata cinya, kuma ba sa sanar da mutum tun kafin ya taso. A gari irin Kano wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Labulen da ke raba gadaje bai kai ƙasa ba, ana jin maganar kowa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne banɗakinsu: mazaunin gajere ne kuma babu ƙarfen dafawa a bango, a wurin da su da kansu suka sa muka ɗaga namu na gida muka kafa masa madafi. Gangaren keken guragu da ke ƙofar shiga ma ya cika tsayi, sai mutum biyu sun tura.

Ta fuskar kuɗi, ana biya ne a kowane zama, ko a sayi zama goma a dunƙule da ɗan rangwame, zuwa gida kuma ya fi tsada. Ba sa karɓar inshorar lafiya, kuma ba a mayar da kuɗin zaman da aka saya ba a yi ba. Mai karɓar kuɗi yakan tallata ƙarin gashin fitila da wasu na'urori a kan farashi daban. Da na tambayi likitar ko Hajiya tana buƙatarsu, ta ce atisaye ne maganinta, sauran jin daɗi ne kawai. Na ji daɗin amsar, amma bai kamata teburin karɓar kuɗi da ɗakin jinya su riƙa faɗin magana biyu ba, domin ba kowa ne zai yi tambayar ba.

A lokacin da aka sallami Hajiya, gwiwarta tana miƙewa sarai, tana lanƙwasuwa kusan digiri 115. Tana zagaya gida ba sanda, tana ɗaukar ta ne kawai idan za a fita unguwa ko wurin da ƙasa ba ta daidaita ba. Tana tsayuwa da ruku'u a sallarta, sujada da tahiyya kuma a kan kujera, kamar yadda aka faɗa mata tun ranar farko. An gaya mana ƙarfin ƙafar zai ci gaba da ƙaruwa har zuwa shekara guda idan ba ta daina atisaye ba, kuma sun ba ta ranar dawowa a sake aunawa.

Gwiwar hagu ma ta cinye, kuma likitan ƙashi ya ce ita ma za ta kai ga tiyata. Mun riga mun yi magana da cibiyar cewa Hajiya za ta fara ƙarfafa tsokar wannan cinyar tun kafin a yi aikin, kuma a wannan karon kuɗin fisiyo yana cikin lissafin tiyata tun daga tushe. Can za mu koma, da sharaɗi biyu da na gaya wa mai wurin baki da baki: a ba mu likitar da Hajiya ta saba da ita, kuma a ba mu lokacin farko na safe, kafin layi ya taru.